Tayil, Katako, Laminet ko Kafet: Wane Daɓe Ya Dace da Sabon Gida?

Wani mai gini ya aiko da wannan tambaya: "Na kusa kammala gidana na ƙasa mai ɗakuna huɗu, kuma makonni uku ke nan da aka zuba kankaren ƙasa. Ina da yara ƙanana, sannan mahaifiyata, wadda shekaru suka ja, za ta zauna tare da mu. Uwargida tana son katako ko laminet saboda kyawunsu, ni kuwa hankalina ya fi kwantawa da tayil mai ƙyalli. Wanne ya kamata mu zaɓa?"

Malam, Allah ya sa a gama lafiya, a shiga lafiya. Kafin in shiga tsakaninka da uwargida, zan tsaya a kan wata magana da ka faɗa a gurguje, wadda kuma ta fi komai nauyi a tambayarka, wato cewa makonni uku kacal aka yi da zuba kankare. A shekarun da na yi ina duba gine-gine, mafi yawan daɓen da na tarar ya lalace, idan aka bi diddigi, sai a ga kayan da aka saya ba su da laifi, ƙasan da aka shimfiɗa su a kai ne bai shirya karɓarsu ba, ko kuma hannun da ya yi aikin ne ya yi ha'inci. Saboda haka zaɓen daɓe daga ƙasa yake farawa, launi da ƙyalli su ne na ƙarshe.

Kankare yana kaiwa ga ƙarfin da aka tsara masa a cikin kwana 28, amma ƙarfi daban, bushewa daban. Ruwan da siminti yake buƙata domin ya kama kaɗan ne daga cikin wanda ake zubawa a kwaɓi, sauran kuwa an ƙara shi ne don kwaɓin ya yi laushin aiki, kuma dole ne wannan rarar ta fita a hankali ta saman kankaren. Ƙa'idar da masu aiki suka daɗe suna bi game da daɓen yashi da siminti, wanda ake yi a kan kankare don daidaita ƙasa, ita ce a ba kowace milimita ɗaya ta kauri kwana ɗaya, har zuwa milimita 40, abin da ya haura haka kuma yana cin lokaci fiye da wannan lissafi. Daɓe mai kaurin milimita 50 yana iya cin wata biyu, shi kuwa kankare mai kaurin milimita 150 yakan ɗauki watanni da yawa, musamman idan ana ruwan sama ko kuma ɗakunan a rufe suke babu iska. Akwai gwaji mai sauƙi da za ka yi da hannunka: ka yanko leda mai kauri, santimita 45 a kowane gefe, ka shimfiɗa ta a kan kankaren, ka manne gefunanta huɗu da tef yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta aƙalla awa 16. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a cikin ledar, ko ka ga wurin ya fi kewayensa duhu, to ƙasan yana fitar da danshi. Sai dai wannan gwaji yana tabbatar da danshi ne kawai idan ya nuna shi. Idan bai nuna komai ba, hakan bai isa hujjar cewa cikin kankaren ya bushe ba. Mai aikin da ya san abin da yake yi yana amfani da na'urar auna laima, kuma ƙa'idar gini ta Birtaniya ta ɗauki kashi 75 cikin 100 a matsayin iyakar da ba a son a wuce kafin a shimfiɗa irin su leda da kafet da ake mannawa.

Akwai tambaya guda da nake so ka yi wa magininka tun yau: shin an shimfiɗa ledar tare danshi a ƙarƙashin kankaren kafin a zuba shi? Idan an shimfiɗa, ruwan da ke cikin kankaren zai fita ya ƙare, haƙuri kawai ake bukata. Idan ba a shimfiɗa ba, danshin ƙasa zai riƙa hawowa ta cikin kankaren muddin gidan yana tsaye, kuma a irin wannan hali ba zan ba ka shawarar katako ko laminet (allon da aka manna wa hoton katako a samansa) ba, sai idan za a fara shafe saman kankaren da maganin tare danshi irin na ifoksi. Tayil yana jure wannan matsala fiye da kowane daɓe, ko da yake shi ma za ka ga farin gishiri yana tsattsafowa ta tsakaninsa. Bayan danshi sai daidaito. Ka samo miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2 ka aza shi a wurare daban-daban a kowane ɗaki. Idan ramin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita 3, wurin yana bukatar gyara kafin a kawo manyan tayil ko duk wani daɓe mai haɗe-haɗe.

To, sai mu zo kan tayil, wanda a nan ne zan fi daɗewa, domin shi ne ya fi dacewa da yawancin gidanka, kuma a kansa ne aka fi yin kuskure. Tayil iri biyu ne manya, seramik da fosilin. Dukkansu daga yumɓu ake gasa su, amma fosilin ana matsa shi da ƙarfi a kuma gasa shi a zafin da ya kai kimanin digiri 1,200, har ƙofofin cikinsa su toshe. Ma'aunin da duniya ta amince da shi shi ne cewa fosilin ba ya shan ruwan da ya wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa, seramik kuwa yana shan abin da ya ninka haka sau da yawa. Idan mai sayarwa ya ce maka kayansa fosilin ne, ka juya tayil ɗaya ka ɗiga ruwa a bayansa. Seramik zai shanye ɗigon nan da nan ya bar tabo mai duhu, a kan fosilin kuwa ruwan zai zauna yana kallonka. A jikin kwalin tayil mai fenti a sama za ka ga lambar PEI, wadda take nuna yadda samansa yake jure gogar ƙafa da yashi. Mai lamba 1 ko 2 ya fi dacewa da bango ko wurin da ba a cika takawa ba, mai lamba 3 ya ishi ɗakin kwana, amma falo da zaure da ɗakin girki su samu mai lamba 4.

Maganar ƙyallin da kake so kuwa, a gidan da tsohuwa da yara ƙanana za su zauna, kyan ɗan maciji ne. Tayil da aka goge har mutum yana ganin fuskarsa a ciki yana riƙe ƙafa idan a bushe yake, amma da zarar ruwan kofi ɗaya ya zube a kansa ya zama tarko, ga shi kuma ƙyallin yana ɓoye ruwan yadda ido ba ya gani. Yaro idan ya faɗi yakan yi kuka ya tashi ya ci gaba da wasa. Tsohuwa idan ta faɗi a kan abu mai tauri irin wannan, abin tsoro shi ne karayar ƙashin ƙugu, wadda takan kwantar da mai shekaru watanni, wani lokacin ma ba ya komawa tafiya kamar da. Akwai ma'aunin santsi da aka samo daga Jamus, inda ake sa mutum ya taka tayil da aka shafa wa mai a kan gangare ana ƙara karkata shi har ya zame, kuma daga nan ne lambobin R9 zuwa R13 suka fito. R9 shi ne mafi ƙarancin riƙo, ya dace da busasshen wuri kawai. Ga falo da ɗakin girki ka nemi R10, ga banɗaki da baranda da ruwan sama yake bugawa ka nemi R11. A wurin wanka ina fifita ƙananan tayil a kan manya saboda dalilai biyu: yawan layukan da ke tsakaninsu yana ƙara wa tafin ƙafa riƙo, sannan da su ne ake iya karkata ƙasa zuwa magudana yadda ya kamata, wato gangaren santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ba tare da an yi ta yanka tayil ana ɓata shi ba.

Sai aikin shimfiɗawa, inda kuɗin mutane da yawa yake salwanta. Wasu masu sa tayil, don su rage gam su kuma yi sauri, sukan ɗora dunƙule biyar a bayan tayil, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, su danna shi a ƙasa. Ranar da aka gama, aikin zai yi kyau ƙwarai, amma ƙarƙashinsa rami ne, kuma ranar da ƙafar gado ko tukunyar gas ta sauka a kan ramin, tayil ɗin zai tsage. Yadda ya dace shi ne a shimfiɗa gam da cokali mai haƙora a layi ɗaya, manyan tayil kuma a shafa wa bayansu ma, yadda gam zai kama aƙalla kashi 80 cikin 100 na bayan tayil a busasshen ɗaki, da kashi 95 a banɗaki da waje. Kana iya duba wannan da kanka: ka sa a ɗaga tayil ɗaya da aka ɗora yanzu ka ga bayansa, bayan aikin ya bushe kuma ka bi shi kana ƙwanƙwasawa da makulli, domin wurin da yake da rami yana amsawa kamar ganga. Ka kuma sani cewa fosilin, tun da ba ya shan ruwa, ba ya kama siminti zalla yadda seramik yake kamawa, don haka gam na musamman da aka haɗa da sinadarin roba yake bukata. Mai aikin da ya ce maka shi da siminti da yashi ya saba sa kowane irin tayil, ka nemi wani.

An taɓa kirana wani gida da aka shekara biyu da tarewa. Mai gidan ya ce cikin dare suka ji ƙara kamar an harba bindiga a falo, da suka kunna fitila sai suka ga layin tayil guda ya tashi daga wannan bango zuwa wancan, tayil biyu-biyu sun jingina da juna kamar jinkar ɗaki. Da na cire sikatin, wato zoben da yake bin gindin bango, sai na ga an danna tayil ɗin ya manne da bango ta kowane gefe, kuma an haɗa su ƙut da ƙut babu tazara, a falon da ƙofar gilashi take shigo da rana duk yamma. An kuma shimfiɗa su ne tun kankaren yana ɗanye. Kankare yana tsukewa yayin da yake bushewa, tayil kuma yana buɗewa idan ya sha zafi, to da ƙasa ta ja ciki, sama ta tura waje, babu inda ƙarfin zai tafi sai sama. Maganin abin ba shi da tsada: tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da tayil, 'yar tazara a gindin bango wadda sikatin zai rufe, sannan a babban fili a bar layin motsi da ake cikewa da silikon a kowace mita 6 zuwa 7, inda rana take bugawa kuma a rage zuwa kimanin mita 3. Wannan labari shi ya sa na fara da makonnin nan uku naka, domin ko tayil ɗin ma bai kamata a ɗora shi a kan kankaren da bai kai makonni shida ba.

Dutsen mabul da giranit ba zan daɗe a kansu ba. A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, mabul yana wajen 3, giranit yana tsakanin 6 da 7, ƙwayar yashi kuwa tana kan 7, wanda yake nufin duk yashin da takalmi ya kwaso daga waje yana kankare fuskar mabul. Bugu da ƙari, mabul ba ya shiri da duk abu mai tsami, har da wasu magungunan wanke banɗaki, domin suna cinye ƙyallinsa su bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Giranit ya fi shi haƙuri nesa ba kusa ba. Tarazo, wanda ake yi da tsakuwar mabul a cikin siminti a goge shi da inji, yana daɗewa ƙwarai, kuma idan ya dushe ana sake goge shi ya dawo sabo, sai dai aikinsa yana da ɓata wuri kuma kyansa ya dogara kacokan ga gwanintar mai yi.

Yanzu ga ɓangaren uwargida, wadda ita ma tana da hujja. Tayil yana da tauri, yana gajiyar da ƙafar mai daɗewa a tsaye, yana mayar da amon murya da na takalmi, kuma yana da sanyi. Sanyin nan ba wai tayil ya fi katakon da ke ɗaki ɗaya da shi sanyi ba ne a ma'auni, abin da yake faruwa shi ne yana janye ɗumin tafin ƙafa da sauri, katako kuwa a hankali yake janyewa. A ƙasa mai zafi wannan ni'ima ce, a lokacin sanyi kuma tsofaffi suna kuka da shi. Matsalar katako ita ce ko bayan an sare shi an busar, bai daina mu'amala da iska ba: yana shan laima ya buɗe ta faɗinsa, ya bushe ya tsuke har tsaga ta bayyana tsakanin falanki da falanki. Shi ya sa ake ajiye shi kwanaki a cikin ɗakin da za a shimfiɗa shi kafin a fara aiki, ake kuma bar masa tazarar milimita 10 zuwa 15 a gindin bango. Inda ake fama da gara kuwa, sai an yi wa ƙasa da katakon magani, kuma a ci gaba da sa ido. Akwai katakon haɗi, wanda samansa katako ne na gaske mai kaurin milimita 3 zuwa 6, ƙasansa kuma falle-fallen katako ne da aka giciye su aka manne. Wannan bai cika motsi ba, kuma shi ne ya fi dacewa da kankare idan lalle katako ake so.

Laminet, wanda kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro a 1977 kuma ya shahara da sunan Pergo, ba katako ba ne yadda mutane suke zato. Hoton katako ne da aka buga a takarda, aka rufe shi da wani sashe mai tauri, aka ɗora a kan allon garin katako da aka matse. Samansa yana jure ƙarzuwa sosai, kuma lambar AC da ke jikin kwalinsa ita take nuna hakan, inda AC3 ya ishi ɗakin kwana, AC4 kuma ya fi dacewa da wurin da ake yawan zirga-zirga. Rauninsa yana cikin allon nan na tsakiya. Idan ruwa ya shiga ta mahaɗa, ko daga tsumman goge ƙasa da ba a matse ba, ko daga fitsarin yaro da ba a gani da wuri ba, bakin allon zai kumbura ya ɗago, kuma ko ya bushe ba ya komawa. Idan za ka saya, ka duba alamar E1, wadda take nuna cewa sinadarin fomaldihaid da allon yake fitarwa bai wuce iyakar da Turai ta ƙayyade ba, abin da yake da muhimmanci a ɗakin da yara suke kwana.

Abin da zan ba da shawara a matsayin sulhu tsakaninku shi ne daɓen roba mai tauri da ake sayarwa da sunan SPC. Cikinsa garin farar ƙasa ne da aka haɗa da robar PVC, samansa yana da kamannin katako, ana kuma haɗa shi falanki-falanki kamar laminet, amma ruwa ba ya kumbura shi, gara kuma ba ta da abin ci a cikinsa. Abin dubawa a nan shi ne kaurin fatar sama, wadda ita ce take cinyewa da tafiya, ba kaurin falankin gaba ɗaya ba: milimita 0.3 ya ishi ɗakin kwana, 0.5 ko sama da haka ya fi dacewa da falo. Yana da nasa sharuɗɗan. Yana son ƙasa mai daidaito sosai, domin duk wani rami yana karya haƙoran mahaɗarsa, rana mai zafi da take shigowa ta taga tana iya buɗe shi ko ta kashe launinsa, kuma ko da yake shi kansa ba ya jin ruwa, ruwan da ya shige ƙarƙashinsa yakan kwanta a can ya yi wari, don haka ba na sa shi a wurin wanka. Kafet da ake mannawa bango zuwa bango kuwa, a gida mai yara ƙanana ba na goyon bayansa, domin yana tara ƙura da ƙananan ƙwarin da suke tayar wa masu asma ciwo, kuma abin da ya zube a kansa ya shige ke nan. Darduma da ake iya naɗewa a kai waje a kakkaɓe ta fi shi, muddin an sa mata shimfiɗar roba a ƙasa don kada ta zame da mahaifiyarka.

Da gidan nawa ne, zan sa fosilin marar ƙyalli mai R10 a falo da zaure da ɗakin girki, kuma in zaɓi irin wanda aka yi masa zanen katako a dogayen falankai, wanda zai ba uwargida kamannin da take so. Banɗakuna da baranda zan sa musu ƙananan tayil masu R11. Ɗakunan kwana, musamman na mahaifiya, zan sa musu SPC bayan kankaren ya bushe an auna, saboda ya fi tayil ɗumi da sauƙi a ƙafa. Tun da kauri ya bambanta, tayil da gam ɗinsa suna iya haura milimita 12 alhali SPC yakan tsaya tsakanin milimita 4 da 6, sai a sanar da magini tun yanzu ya ɗaga daɓen ɗakunan kwana da wannan bambanci, domin 'yar tudun santimita ɗaya a bakin ƙofa ta isa ta sa tsohuwa tuntuɓe cikin dare. Kafinta ma a gaya masa kaurin daɓen kafin ya rataya ƙyamare.

Wajen saye, ka auna murabba'in mitar kowane ɗaki ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ko kashi 15 idan za a jera tayil ɗin a karkace. Ka sayi na kowane wuri a lokaci guda, ka kuma tsaya da kanka ka duba cewa lambar gashi, wato lambar rukunin tayil da aka gasa tare, da lambar launi da ke jikin kwalayen iri ɗaya ce, domin tayil mai suna ɗaya daga kamfani ɗaya yakan bambanta a launi da girma idan ba gashi ɗaya ba ne, kuma ba a ganin bambancin sai an shimfiɗa su gefe da gefe a hasken rana. Bayan an gama aiki, ka hana a kwashe ragowar. Ka ajiye kwali ɗaya ko biyu na kowane iri a busasshen wuri, ka rubuta sunan ɗakin a jikinsa, saboda ranar da mai gyaran famfo zai fasa tayil uku a banɗaki yana neman bututun da yake yoyo, da wuya ka sake samun irinsa a kasuwa.